Alhaji Yana Hanya

A Daura idan ka ce gidan Alhaji Mainasara ba sai ka yi kwatance ba, ko ɗan acaɓan da ya fara aiki jiya zai sauke ka a ƙofar. Gida ne da ya ci siyasa tun ana yin ta da kalangu har ta koma cikin waya. Ya fitar da kansila, ya fitar da ciyaman, ya fitar da kwamishina, ya kuma fitar da wani ƙanen Alhajin da har yau ba a san muƙaminsa ba, amma ko aski za shi da jiniya yake tafiya. Jam'iyya kuwa sun sauya ta har mai fentin katangar gidan ya daina wahalar goge tsohon tambari, sai dai ya shafa sabo a kai. Shi Alhajin ya daɗe da daina tsayawa takara. Yana zaune a falonsa, masu son tsayawa suna zuwa suna durƙusawa.

Cikin wannan gida aka kawo Adawiyya, 'yar Malam Maharazu mai sayar da tumaki, daga wani ƙauye da ke bayan garin Babban Mutum. Ba wanda ya tilasta ta. Tana koyarwa a wata firamare a Baure Abdulmuhaimin, ɗan Alhaji na uku, ya zo rabon littattafai masu hotonsa a bango, ya gan ta, ta gan shi, suka daidaita. Alhaji bai ja maganar ba ko kaɗan, domin dama ba shi da ƙafa a wannan yankin na bakin iyaka, ga shi an kawo masa ƙafar har gida. Mutanen ƙauyensu suka ce Adawiyya ta tako arziki. Ita ma, a gaskiya, haka ta ɗauka.

Mijin nata ba mugu ba ne, kuma da ma mugun ne da an san inda za a kama shi. Tun ranar da aka fara buga fastarsa ake ce masa Honarabul, duk da cewa bai taɓa cin zaɓe ba, ko na fid da gwani. Mutum ne mai fara'a da son turare, wanda idan ka tambaye shi ko zai sha shayi sai ya ɗan yi jim, kamar zai fara jin ra'ayin Baba.

A gidan Alhaji Mainasara mace ba ta zama haka kawai. Kowace matar ɗa da aikinta. Akwai ta biki da suna, akwai ta rabon atamfa da sabulu ga ƙungiyoyin mata. Uwar mijinsu, Hajiya Kulu, ita ke raba aikin, kuma ido gare ta kamar dillaliya. Ta dubi Adawiyya ta ga mace mai sanyin fuska, wadda ta iya zama a tabarma ba ta kakkaɓe ta ba, wadda za a miƙa wa ruwan randa a kwanon sha ta shanye ba ta tambayi na roba ba. Sai ta ba ta mutuwa.

Ga yadda aikin yake. Idan aka yi rasuwa a gidan da ke da jama'a, dole a ga Alhaji a sahun gaba wajen sallar gawa, a kuma ɗauke shi hoto ya kama bakin makara. Wannan hoton ya fi masa taron gangami, domin mutum yana manta wanda ya ba shi shinkafa amma ba ya manta wanda ya kama makarar ubansa. Matsalar ita ce mutuwa ba ta tambayar Alhaji lokacin da ya dace da shi, shi kuma ba ya fita sai ya gama ganin mutane, ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa. Saboda haka sai an tura wanda zai riƙe gawar. A waje akwai 'yan jam'iyya masu riƙe maza. Amma an lura cewa maza ba sa jurewa idan mata suka fara aiko yara daga cikin gida suna cewa a zo a ɗauke shi. Cikin gidan ne ke buƙatar mai riƙewa, kuma nan Adawiyya ta shigo.

Ta ƙware. Takan shiga da sallama a hankali, ta zauna kusa da matar mamacin, ta dafa gwiwarta, ta yi addu'a mai tsawo, sa'an nan ta ce Alhaji ya ji wannan rashi har cikin ransa, ya ce marigayin ɗan'uwansa ne, ya roƙi arziki a bar shi ya samu ladan sallar. Daga nan sai ta riƙa sakin labari kaɗan-kaɗan. Idan ta ce Alhaji yana hanya, bai shiga wanka ba. Idan ta ce ya taso, yana zaɓen hula. Idan ta ce ya kusa, an fara tayar da motoci. Ta yi wannan a Dutsi, ta yi a Mai'adua, ta yi a cikin gari ba adadi. Ba ta taɓa kiran abin ƙarya ba, aikin gida take ce masa, kuma Hajiya Kulu takan yabe ta a gaban facalolinta.

Wata safiya a tsakiyar bazara, ana gab da zaɓen fid da gwanin da ake cewa wannan karon Honarabul ba zai faɗi ba, yayanta Sha'aban ya kira ta. Babansu ya dawo daga sallar asuba, ya ce ƙirjinsa ya riƙe, ya kwanta, shi ke nan.

Ta shirya 'yarta Fadila ta tafi makaranta ba tare da ta gaya mata ba, sa'an nan ta wuce sashen Hajiya. A yi wa Hajiya Kulu adalci, ta yi salati yadda ya kamata, har idonta ya kawo ruwa. Ta ce Malam Maharazu mutumin kirki ne, bai taɓa zuwa gidan nan da roƙo ba, wanda a bakin Hajiya babu yabon da ya kai wannan. Bayan ta share ido sai ta tambaya ko ƙauyen nasu a mazaɓar da ake rigima a kanta yake. Adawiyya ta ce eh. Hajiya ta gyaɗa kai, ta ce a fito da mota, kuma Murjanatu, matar autan gidan, za ta raka ta don kada ta tafi ita kaɗai da wannan zuciyar.

Adawiyya ta ji daɗin wannan karamci har suka fito harabar gidan. A nan ta ga direba yana cusa ƙaramin janareta a bayan mota, da fanka mai tsayuwa, da kula biyu cike da ƙanƙara. Ta san kayan. Ita ce ma ta ba da shawarar a riƙa tafiya da su lokacin zafi. Ta dubi Murjanatu, Murjanatu ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Haka suka kama hanya, suka wuce Zango, suka wuce Baure.

Sun isa da hantsi, suka tarar an gama komai. An yi wa Malam wanka, an sa shi a likkafani, samari sun dawo daga maƙabarta da ƙasa a ƙafafunsu sun ce kabari ya haƙu. Maza sun cika gindin dalbejiyar ƙofar gida, Liman Malam Kalilu yana zaune da carbinsa, makara tana jingine a bangon zaure. Abin da ya rage kawai a fito da shi a sallace shi. Amma Sha'aban yana tsaye a tsakiyar mutane, waya a kunne, ɗaya hannun yana yi wa jama'a alamar su zauna.

Wannan Sha'aban, kafin auren ƙanwarsa, tumaki yake kora wa babansu zuwa kasuwa, kuma ya iya. Tun da aka ɗaura auren ya ajiye sanda ya sayi hula, ya zama jigon jam'iyya. Ba ya noma, ba ya kiwo, sai zaman shago da cewa mun yi magana da gida, wato gidan Alhaji. Yau kuwa ranarsa ce. Surukin gidan Mainasara ya rasu, kuma shi ne babban ɗa. Ya riga ya sanar cewa Alhaji da kansa zai zo, da manyan baƙi, don haka a dakata.

Kada a ɗauka mutanen ƙauyen an danne su ne. Tsofaffi biyu-uku sun yi gunaguni, sun ce ba a san gawa da jira ba, amma ba wanda ya miƙe. Wasu suna tunanin rijiyar burtsatsen da aka yi musu alkawari tun zaɓen da ya wuce, wasu suna son dai su ga jerin motoci a garinsu, su ba da labari a kasuwa. Liman kuwa mutum ne mai ilmi da tsoron Allah, sai dai yana da ɗa mai neman aiki.

A cikin gida Adawiyya ta sami mahaifiyarta, Inna Shatu, zaune a ƙuryar ɗaki, mata sun kewaye ta. Ba ta kuka. Ta ɗago ta dubi 'yarta ta ce, "Kin iso?" sai ta mai da kanta ƙasa. Adawiyya ta zauna a gefenta tana neman abin da za ta ce, ta rasa. Shekara da shekaru tana shiga gidajen mutuwa da magana a shirye, yau bakinta ya ƙi buɗuwa.

Murjanatu ce ta buɗe nata. Ta matso, ta dafa gwiwar Inna Shatu, ta yi addu'a, ta ce Alhaji ya ji wannan rashi har cikin ransa, ya ce marigayin ɗan'uwansa ne, ya roƙi arziki a bar shi ya samu ladan sallar. Ko kalma ɗaya ba ta sauya ba, har wurin da ake ɗan sassauta murya. Yarinyar ta sha raka Adawiyya gidajen mutuwa, ta kuma yi karatu da kyau. Matan ɗakin suka ce Allah sarki, Allah ya saka wa Alhaji. Adawiyya ta ji kamar ta tashi ta kwaɗa mata mari, sai dai ba ta san laifin da za ta ce ta yi ba.

Ta fita bayan ɗaki inda waya ke kamawa ta kira mijinta. Ya yi mata ta'aziyya da muryar da ta san da gaske yake, domin yana son Malam. Sa'an nan ya ce suna hanya. A bayan muryarsa tana jin ƙarar cokula da faranti, da dariyar wani ɗan koren Alhaji da ta sani.

Ta ce, "Abban Fadila, ni kake gaya wa kuna hanya?"

Ya rage murya. Ya ce akwai baƙi da za su taso daga Katsina, Baba yana so a shiga garin tare da su, kuma ya ce kada a taɓa gawar sai ya zo. Ya ce ta fi kowa sanin yadda abin yake, ta yi haƙuri, ta taimaka kada a ja musu abin magana a wannan lokacin. Ta tambaye shi ko baƙin sun taso. Ya ce ana sa rai.

Rana ta take. Zafin bazara na wannan yanki ba ya buƙatar a yi masa bayani, bango ma gumi yake. Direba ya tayar da janareta a tsakar gida, aka ja waya zuwa ɗakin Malam, aka shigar da fanka da ƙanƙara. Ƙarar injin ta cika gidan har masu addu'a suka koma ɗaga murya. Yara suka taru suna kallo. Wata tsohuwa ta ce ikon Allah, Malam bai taɓa kwana da fanka ba sai yau, kuma da yabo ta faɗa.

Aka yi azahar. Murjanatu ta sanar cewa Alhaji ya taso. Mata suka gyara zama.

Adawiyya ta tashi ta shiga ɗakin babanta. Yana kwance a kan tabarma, an lulluɓe likkafanin da wani tsohon bargonsa, an jera ƙanƙara a gefe da gefe cikin ledoji. Ƙanƙarar ta narke rabi, ruwan ya bi ƙasa ya jiƙa gefen likkafanin, ƙasar ɗakin ta ɓata farin. Fankar tana juyawa tana ɗaga bakin bargon tana saki. An zuba turare, an ƙara, an kuma kunna na wuta, amma ta shiga irin waɗannan ɗakuna da yawa, hancinta ya san abin da turare ke ƙoƙarin rufewa. Bai yi ƙarfi ba tukuna. Ƙudaje dai sun fara taruwa a jikin labule.

Wannan mutum ne da yake yini cikin tumaki amma ba ya shiga masallaci sai ya sauya riga. Bai taɓa cin abinci a gidan surukansa ba, iyakarsa soro, ya gaisa ya juya, don kada a ce ya zo ci. Yau an kwantar da shi cikin ruwan ƙanƙara yana jiran wani ya gama zaɓen hula. Baƙin ciki ya taso mata, da kunya, da wata irin tsana da ba ta san tana da ita ba. Ta tsani Alhaji da hularsa, ta tsani Hajiya da hawayenta, ta tsani mutanen da ke zaune a gindin dalbejiya suna leƙen hanya. Kanta ma ba ta bari ba.

Ta aika aka kira mata Sha'aban zaure. Ta gaya masa abin da ta gani, ta ce ko motocin ba a tayar ba, ta roƙe shi don Allah ya sa a ɗauki Baba. Ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce shi da bakinsa ya yi magana da gida, an ce masa sun kusa. Ya ce wanda ya mutu ba ya jin zafi, masu rai ne za su zauna da abin da zai biyo baya, kuma idan ita ta ƙoshi a Daura, su nan ba su ƙoshi ba. Ya ce ta koma cikin mata. Ya fita yana gyara hula.

A tsaye a zauren ta fahimci inda take. A matsayin 'yar Malam Maharazu maganarta ba ta kai ta ɗaga ko mutum ɗaya daga tabarma ba. Amma duk wanda ke wajen nan ya san ita ce bakin gidan Mainasara a wurin mutuwa. Abin da ta ce Alhaji ya ce, Alhaji ya ce.

Ta kuma san farashin. A gidan ba a yi wa suruka faɗa, ba a ɗaga mata murya. Akwai wata matar babban wan mijinta da ta taɓa faɗin abin da bai kamata ba a gaban baƙi. Aka ce ta je gida ta huta, aka kai ta da mota mai sanyi. Har yau tana hutawa. 'Ya'yanta suna sashen Hajiya, sun girma, idan an ambaci uwarsu sai su dubi ƙasa. Adawiyya ta tuna Fadila da safe, tana tsaye tana jira a ɗaura mata igiyar takalmi. Ta daɗe a tsaye, janareta yana ta ruri a bayanta.

Daga nan ta goge fuskarta da bakin hijabi. Ta ɗora wayar a kunne, ba kowa a kan layi, ta ratsa tsakar gida a hankali yadda kowa zai gan ta, tana cewa to Baba, in sha Allahu Baba, za a gaya musu. Ta dawo zaure ta tsaya a bayan ƙyaure, ta sa aka matso da Liman. Muryar da ta fito ita ce ta aiki, mai sanyi, mai ladabi, ba rawa a cikinta.

"Allah gafarta Malam, Alhaji ne ya kira yanzu. Ya ce a gaishe ku, a ba ku haƙuri. Ya ce kada a ƙara jiransa ko kaɗan, shi ba zai ɗauki alhakin gawa ba. A sallace shi a kai shi, idan ya iso ya yi addu'a."

Liman ya ce Allahu akbar, ya miƙe da saurin da ba a zata daga mai shekarunsa ba. Kafin ya juya maza sun tashi, ana kakkaɓe riguna, an sauko da makara. Mutanen da suka yini ba su ga dalilin tashi ba, yanzu kowa yana cewa dama abin da ya kamata ke nan. Sha'aban ya tsaya da waya a hannu yana latsawa. Gidan da yake cewa yana magana da shi, ashe iyakarsa wani mai wanke motocin Alhaji, shi ma bai ɗauka ba. Da ya ga an fito da babansa, sai ya sa wayar a aljihu ya bi sahu.

Murjanatu ta san babu kiran da aka yi. Ta dubi Adawiyya da ido waje, ta zame ta yi bayan ɗaki da wayarta. Adawiyya ba ta hana ta ba. Ta tsaya a zaure tana jin kabbarorin Liman ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta ji takun mutane yana nisa. Ta koma tsakar gida ta ce wa direba ya kashe injin.

Bayan la'asar aka ji jiniya. Motoci suka shigo a jere, na gaba cike da samari masu ihu, har sai da wani ya tuna musu gidan mutuwa aka zo. Alhaji Mainasara ya fito cikin farar babbar riga, baƙin Katsina a bayansa, Honarabul a gefe, mai ɗaukar hoto yana ja da baya a gabansu. Labari ya riga ya same shi a hanya, har da ƙarin da ya fi ci masa rai: abokin hamayyar ɗansa, wani malamin makaranta da ba shi da ko mota, ya zo a kan babur tun da hantsi ya zauna cikin mutane ba wanda ya kula shi, kuma shi ya kama bakin makara. Wani yaro ya ɗauka a waya, hoton ya riga Alhaji zaga mazaɓar.

Bai kai ga zama ba Liman ya tashi. Ya ce jama'a su shaida, yau sun ga shugaba mai tsoron Allah, wanda ya aiko cewa kada a jinkirta gawa saboda shi. Ya ce da manya haka suke da ƙasa ta gyaru. Aka ɗauki kabbara. Adawiyya tana leƙe ta tsagar ƙyaure, ta ga fuskar surukinta ta tsaya cak na ɗan lokaci kaɗan, sa'an nan ta narke ta zama ta tawali'u. Ba a banza ya shekara hamsin a wannan sana'a ba. Ya ce ai ba abin yabo ba ne, shi kullum abin da yake gaya wa yaransa ke nan, gawa ba ta jiran kowa, ko wane ne. Ya kawo hadisi, ya kawo shi daidai. Baƙin Katsina suka gyaɗa kai. Mai hoto ya ɗauke shi da tafukan hannu a sama.

Da zai rufe jawabi sai ya ce akwai abu ɗaya. 'Yarsa Adawiyya, wadda yake ji da ita kamar shi ya haife ta, ba zai raba ta da mahaifiyarta a cikin wannan hali ba. Ya bar musu ita, ta zauna, har sai hankalin kowa ya kwanta. Mutane suka ce Allah ya ƙara girma. Wata mata a bayan Adawiyya ta ce kai, wannan yarinya ta yi dacen surukai.

Abdulmuhaimin ya shigo zaure kafin su tafi. Bai iya kallonta ba, bangon yake kallo. Ya ce ta ji abin da Baba ya ce. Ta ce ta ji. Ya ce shi bai ce komai ba, kuma zai yi ƙoƙari idan abubuwa sun lafa, bayan zaɓe wataƙila. Ya ce da ta ƙara haƙuri kaɗan.

Ta ce, "Fadila fa?"

"Tana wurin Hajiya. Kin san ba abin da za ta rasa."

Aka yi masa hon, ya juya da sauri har yana tuntuɓe da dokin ƙofa. Direban da ya kawo ta ya shigo ya naɗe wayar wuta, ya ɗauki janareta da fanka, ya zubar da ruwan kulolin a gindin bango ya tafi da su. Murjanatu ta wuce ta gabanta, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ba ta tsaya jin amsa ba. Jiniya ta tashi, yara suka bi motocin da gudu har bakin gari.

Gidan ya yi shiru. Mata suka ragu, masu girki suka koma wajen murhu. Adawiyya ta shiga ɗakin mahaifiyarta ta zauna a inda ta zauna da safe. Inna Shatu tana jan carbi, ta kai ƙarshe, ta ajiye.

Ta ce, "An ce surukinki ne ya ce a tafi da shi."

"Haka aka ce, Inna."

Tsohuwar ta dube ta, kallo mai tsawo, irin wanda ba ta yi mata ba tun tana yarinya. Ba ta ƙara tambaya a kan wannan ba. Ta ce, "Kin zo da kaya?"

Adawiyya ta ce a'a, da na jikinta kawai ta zo.

"Buɗe adakata ki ɗauki wanda ya yi miki. Ki ɗauki da yawa."

Ta tashi ta durƙusa gaban adakar, ta ɗaga murfin, ƙamshin tsofaffin zannuwa ya bugo ta. A masallacin ƙofar gida wani ya fara gyaran murya zai kira magariba. Yanzu ne Fadila ke dawowa daga Islamiyya, ta yar da jakarta a bakin ƙofa, ta shiga ɗaki tana kiran Umma. Adawiyya ta kifa kanta a kan zannuwan, kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata.